Taurarin Masu Rediyon Sha'awa da Ladabin Magana ta Cikinsu



Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san rediyo da cewa akwati ne na saurare, tasha ta faɗi, jama'a su kasa kunne. To, akwai wani irin rediyo kuma wanda mai shi yakan saurara ya kuma mayar da magana. Masu yin sa mutane ne da suka ci jarrabawa, gwamnatin ƙasarsu ta ba su lasin da lambar kira, suna harhaɗa na'urori suna zantawa da takwarorinsu na wasu ƙasashe domin sha'awa da neman sani. Dokar sadarwa ta duniya ta hana su neman kuɗi da shi, ta hana su ɓoye ma'anar abin da suke faɗi, ta kuma tilasta musu ambaton lambarsu a kai a kai. Lambar takan nuna ƙasa: ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, ta Gana 9G. Waɗannan mutane suna da taurarin ɗan'adam nasu na kansu, kuma a kan waɗannan taurari ne wannan lacca za ta tsaya. Abin da za a nuna shi ne, a wannan sana'a ladabi wani sashe ne na na'urar kanta, in ya lalace na'urar ta tsaya.

Ran 12 ga Disamba 1961, watau shekara huɗu da 'yan watanni bayan Sputnik na Rasha, aka harba OSCAR 1 daga Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Wasu masu rediyon sha'awa ne suka ƙera shi a gidajensu, nauyinsa bai kai kilo biyar ba, aka ba shi ɗan gurbi a jikin rokar sojan sama. Ba ya karɓar magana. Abin da ya iya kawai shi ne ya riƙa buga haruffa biyu, H da I, da harshen tangaraho, saurin bugun kuwa yana nuna zafin cikinsa. Ya yi kamar mako uku batirinsa ya ƙare. A 1965 OSCAR 3 ya zo da na'urar da ke karɓar magana daga ƙasa ta mayar da ita ƙasa, a 1969 kuma aka kafa ƙungiyar AMSAT a birnin Washinton domin ci gaba da aikin.

Daga cikin waɗanda suka biyo baya akwai guda mai labarin ban mamaki, shi ne OSCAR 7. An harba shi ran 15 ga Nuwamba 1974, ya yi aiki har 1981, sa'an nan batirinsa ya haɗe ta ciki, tauraro ya yi tsit. Aka sallama shi. Bayan shekara 21, a watan Yuni na 2002, sai ga wani mai saurare a Ingila ya ji muryarsa. Ashe wurin da ya haɗe ne ya yanke da kansa, wutar farantan hasken rana ta sami hanya ta kai ga na'ura kai tsaye. Tun daga ran nan sai ya farka in rana ta haske shi, ya suma in ya shiga inuwar duniya, a haka har ya cika shekara 50 a 2024. Za a komo ga wannan tsoho nan gaba, domin shi ne ya fi kowanne nuna abin da ganganci ke jawowa.

Galibin waɗannan taurari suna kewaya duniya a kusa, tsakanin kilomita 400 da 1,500 daga ƙasa, suna gudun kimanin kilomita 27,000 cikin sa'a guda. Mutumin da ke tsaye a tsakar gidansa ba ya samun tauraro sai na minti goma zuwa goma sha biyar, daga ɓullowarsa a wannan gefe na sama zuwa faɗuwarsa a wancan, sau 'yan kaɗan a yini. Amma a cikin waɗannan mintoci tauraron yana hangen ƙasa mai faɗin fiye da kilomita 5,000. In ya tsaya bisa Hamada, mutumin Kano da mutumin Roma duk suna ƙarƙashinsa a lokaci guda, da duk wanda ke tsakaninsu.

Kayan aikin ba su da yawa. Ga tauraro irin SO-50, wanda Saudiyya ta ƙera aka harba a Disamba 2002, ƙaramar oba-oba mai ƙarfin wat biyar ta isa, tare da eriya ta hannu mai 'yan sanduna a jere, irin wadda Yagi da Uda suka ƙirƙiro a Japan a 1926. Mutum yakan ƙera ta da sandunan alminiyam da guntun katako, wasu ma da tef ɗin awo na kafinta. Ana aika magana sama a kan megahaz 145.850, a karɓo ta a kan 436.795. Waya ko kwamfuta takan faɗi lokacin ɓullowar tauraro da inda zai bi, mutum ya riƙa bin sa da hannu, yana ɗan murɗa eriyar, domin tauraron yana juyawa, sautin yana dushewa yana komowa. Akwai kuma wata wahala da Christian Doppler ya bayyana tun 1842. Kamar yadda ƙarar jiniyar mota takan yi tsini in tana tahowa ta yi kauri in ta wuce, haka zangon tauraro yakan hau da kimanin kilohaz goma sa'ad da yake gabatowa, ya sauka da kamar haka sa'ad da yake tafiya. Tilas mai saurare ya riƙa gyara akwatinsa kaɗan kaɗan har tauraro ya faɗi.

A nan ne sabon shiga yakan ɓata. Na'urar da ke cikin SO-50 tana magana da ƙarfin rubu'in wat ne kawai, daga nisan ɗaruruwan kilomitoci ko dubbai, amma kunnenta yana da kaifi ƙwarai. Saboda haka isar da murya sama abu ne mai sauƙi, jin abin da ke saukowa shi ne aiki. Mutum ya kunna akwati da gajeriyar eriya, bai ji kome ba, sai ya zaci fili ne babu kowa, ya danna maɓalli ya yi ta kira, har da fito. Shi bai san cewa muryarsa tana fita sarai a nahiyoyi biyu ba, tana tattake mutane ashirin da ke jiran layi. In ya ga ba a amsa ba sai ya ƙara wuta. Masu wannan sana'a suna kiran irinsa kada, don girman baki da ƙanƙantar kunne. Ka'idar farko ke nan, kuma ka'ida ce ta kayan aiki tun ba a kai ga hali ba: wanda bai ji tauraro ba kada ya aika masa da kome, kuma in kuɗi kaɗan ne, a kashe su wajen gyara ji. Shi ya sa ƙwararru sukan yi amfani da akwati biyu, ɗaya na aikawa ɗaya na karɓa, da abin saurare a kunne, domin mutum ya ji muryarsa tana komowa daga sama yayin da yake magana. In ya ji muryar wani a maimakon tasa, ya san ya taka mutum, sai ya saki maɓalli nan take.

Dalilin tsananin shi ne, tauraro mai aiki da salon FM hanya ɗaya tak gare shi. In mutum biyu suka yi magana tare, wanda ya fi ƙarfi yakan danne ɗayan ɗungum, in kuwa ƙarfinsu ya zo ɗaya duka biyu su zama hayaniya. Rijiya ce mai guga ɗaya, ga jama'a a tsaye, ga rana tana faɗuwa. Haka ma na'urar da aka buɗe a tashar sararin samaniya ta duniya a Satumba 2020 take, ga ta da farin jini, cunkoson ya fi na kowa.

Wannan ya kawo wani abu da zai yi wa Bahaushe nauyi. A al'ada, mai ladabi shi ne wanda ya tsaya ya gaisa sosai, ya tambayi kwana da gajiya da iyali da sanyi, wanda kuwa ya faɗa kan buƙatarsa kai tsaye a ce ba shi da tarbiyya. A bisa tauraro mai hanya ɗaya abin ya juya. Gaisuwar minti ɗaya ta cinye ushirin rabon kowa. Abin da ake faɗi shi ne lambar wanda ake kira, da lambar mai kira, da alamar wurin da yake, shi ke nan. Alamar wuri kuwa wani tsari ne da aka amince da shi a garin Maidenhead na Ingila a 1980, wanda ya yanka duniya gida gida, har haruffa biyu da alƙaluma biyu su wadatar: Zariya tana cikin JK31, Damagaram tana cikin JK43. Cikin daƙiƙa goma sha biyar an gama. Wanda ya sami mutum ɗaya ko biyu sai ya janye ya bar wa na baya, wanda kuma ya ji biyu sun fara musayar lamba sai ya dakata su ƙare. Ba a rera dogon kira na neman duk mai ji, kamar yadda ake yi a gajeren zango. Idan aka lura da kyau, manufar doguwar gaisuwa da ta wannan gajeriya ɗaya ce, watau a nuna wa mutum an san da zamansa.

Akwai kuma al'adar ba baƙo gaba. Tashoshin Turai suna da yawa, na Afirka ta Yamma kuwa kaɗan ne, don haka in lamba mai farawa da 5N ko 5U ta fito, da yawa za su so samunta. Ladabin da aka sani shi ne sauran su bar zance a tsakaninsu na wannan zagaye, su bar baƙon ya riƙa amsa su ɗaya bayan ɗaya. Shi ma akwai nauyi a kansa: ya rubuta ko ya naɗi duk wanda ya zanta da shi da lokacin, ya kuma tabbatar musu daga baya ta kati ko ta intanet, domin a wurin wasunsu wannan daƙiƙa goma ita ce suka yi shekaru suna jira.

Wani jinsin taurarin yana da fili mai ɗan faɗi, inda mutane da yawa za su zanta gefe da gefe ta salon SSB ko tangaraho. Sai a zaci a nan an huta da rigima, amma ba haka ba ne. Wutar da tauraron ke da ita ɗaya ce, ana raba ta gwargwadon ƙarfin da kowa ya shigo da shi. In mutum ɗaya ya turo wuta mai yawa, na'urar takan rage jinta don kare kanta, sai muryoyin masu ƙaramin ƙarfi su nutse duka. A kan OSCAR 7, wanda ba shi da batirin da zai tallafe shi, abin ya fi haka muni: mai ƙarfi guda yana iya janye wutar har sauti ya riƙa rawa, wani lokaci ma tsohon ya sauya zango ko ya ɗauke gaba ɗaya, kowa ya tashi a tutar babu. Ma'aunin da aka ajiye mai sauƙi ne. Irin waɗannan taurari sukan fitar da wani sauti nasu na alama a gefen fili, kuma bai kamata muryar kowa ta sauko da ƙarfin da ya fi nasa ba.

Wanda ya fi shafar Afirka shi ne QO-100. Na'ura ce a jikin tauraron Es'hail-2 na ƙasar Katar, wanda aka harba ran 15 ga Nuwamba 2018, aka buɗe wa masu rediyon sha'awa a Fabrairu 2019, da haɗin gwiwar ƙungiyarsu ta Katar da AMSAT ta Jamus. Yana nisan kimanin kilomita 36,000 bisa tsakiyar duniya, yana tafiya daidai da juyawarta, saboda haka ba ya ɓullowa ba ya faɗuwa. Daga gabashin Brazil har Tailan ana samunsa, Afirka duka tana ciki, daga Kano kuwa yana can sama sosai ta kudu maso gabas. Ana aikawa a kan gigahaz 2.4, a karɓa a kan gigahaz 10, kuma farantin kallon talabijin na gida, da ɗan kan nan da ke gabansa, ya isa wajen karɓa. A nan dai Bahaushe zai iya gaisawa har ya tambayi yara, sai dai zai ji muryarsa tana komowa bayan kamar rubu'in daƙiƙa. Duk da haka an hana salon FM a filin magana, an kuma ƙayyade faɗin da kowa zai ci. Masu kula da shi ma ba su dogara ga kirkin mutane kaɗai ba: sun sa wata na'ura a tasharsu ta ƙasa wadda ke aza ƙarar jiniya a kan duk wanda ya wuce ma'auni, kowa yana ji, har ya rage wuta.

Saura magana guda da ta shafi ma'aikata musamman. Ba duk mai tattake tauraro ne mai lasin ba. Ƙananan oba-oba sun yi araha a kasuwa, masu gadi da direbobi da ma'aikatan gine-gine sukan saya, mai sayarwa ya saita musu duk zangon da ya ga babu kowa. Tsakanin megahaz 145.8 da 146, da tsakanin 435 da 438, nan ne taurarin masu rediyon sha'awa ke aiki, kuma a ƙasa wurin yakan yi shiru kamar kango. Mai gadin da ke kiran abokinsa a ƙofar baya ba shi da hanyar sanin cewa muryarsa tana iya fita a wata nahiya ta rufe hanya guda da mutane ke jira. Ba za a kira shi marar ladabi ba, tun da ba wanda ya gaya masa. Jami'in da ke sayo wa ma'aikatarsa irin waɗannan akwatuna, ko mai sa hannu a takardar izinin shigo da su, shi ne ke da ikon tambayar a kan wane zango aka saita su, da kuma ko hukumar da ke rabon zango ce ta ba da shi.