A KOYA WA 'YA'YANMU HAƘƘINSU DA LABARIN DUNIYA

Jama'ar Talata Mafara, Bakura da Maradun, manoma da makiyaya, iyayenmu maza da mata.

Rashin sani ya fi dare duhu. Dattawanmu ba su manta ba: daga 1974 zuwa 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya tare Gulbin Sakkwato a Bakolori. Ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, aka tashi mutum wajen 13,000. Masu fadama a ƙasan dam suka rasa ambaliyar da ke shayar da shinkafarsu. Da manoma suka tsare hanyoyi suna neman diyya, sai aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma a watan Afrilu na 1980. Jini ya kwarara a Birnin Tudu.

To, jama'a, jikokin waɗancan manoma suna aji yau. Wane littafi ya gaya musu wannan?

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Dam ɗin Kainji ya tashi mutanen Busa da Yawuri a 1968. Na Akosombo a Ghana ya tashi kusan mutum 80,000. Da iyayenmu sun ji labarinsu da wuri, da sun shafa wa gemunsu ruwa, sun nemi yarjejeniya a rubuce kafin katafila ta shiga gona.

Saboda haka ga abin da jam'iyyarmu za ta tsaya a kai:

Na ɗaya, a koyar da tarihin Bakolori a kowace firamare ta wannan yanki.

Na biyu, yaro ya iya auna gona, ya iya karanta takardar diyya. Ya san dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa amana a hannun gwamna, kuma in an karɓi gona don aikin jama'a, dole a biya amfanin gona da gini.

Na uku, 'ya mace ta zauna aji kamar ɗa namiji. Ita ma magajiyar gona ce.

Wanda ya san haƙƙinsa ba a sa shi dangwala yatsa a takardar da bai karanta ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Duk ɗan takarar da ya zo muku, har da namu, ku tambaye shi: me za ka koya wa 'ya'yanmu? Kada sabulu da atamfa su sayi ƙuri'arku. Ranar zaɓe ku fito ƙwanku da ƙwarƙwatarku.

Allah Ya ba mu nasara.