Shagon Cikin Waya Ma Yana Buƙatar Allon Suna

Lacca da aka gabatar a Samaru, gaban malaman jami'a, ɗalibai da wakilan 'yan kasuwar Sabon Gari

 Lokaci ƙanƙane ne, a shiga magana.

Kowa a zauren nan ya san inda ciniki ya koma. Atamfa da leshi, abaya, turaren wuta da humra, takalman gwanjo, kayan kicin, waya da cajarta, duk a sitatus na WhatsApp ake baje su, ko a Instagram da Facebook da TikTok. Mai saye ta ga hoto ta tura kuɗi, mai sayarwa ta ga alat, a kai kaya tashar Kwangila a damƙa wa direba, ko ɗan acaɓa ya kai su Hayin Dogo ko Palladan. Galibin wannan ciniki lafiya lau yake ƙarewa, kuma da shi ɗalibai da yawa ke biyan kuɗin makaranta, matan aure ke rufa wa gidajensu asiri. Babu mai neman a kashe shi. Abin da ya tara jama'a yau shi ne ranar da bai ƙare lafiya ba: kuɗi sun fita, kaya ba su zo ba, ko sun zo amma ba su ne na hoto ba, lambar kuma an toshe. Ranar ce mai saye take gane cewa duk abin da ta sani game da wadda ta tura wa kuɗinta bai wuce sunan shafi ba, sunan da ake iya canzawa kafin la'asar.

Shekara da shekaru mai wannan lacca yana ja-in-ja da abokan aikinsa masana shari'a na harabar jami'a ta Kongo, da kuma jami'an gwamnati, a kan maganin wannan ciwo. Amsarsu ɗaya ce kullum: a yi rajista. Sukan kawo Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta na shekarar, su karanto sashe na 863 da ya haramta yin kasuwanci da sunan da ba a yi wa rajista ba, har da tara ko ɗaurin shekara biyu, su ƙara da wa'adin kwana 28 da aka ba wanda ya buɗe harka. Daga nan sai su ce doka ta cika, aiwatarwa kaɗai ta rage. Hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ma a kan wannan turba take. A 2018 ta rage kuɗin rajistar sunan kasuwanci daga naira 10,000 zuwa 5,000 na ɗan lokaci. A 2020 gwamnati ta ɗauki nauyin rajistar sunaye 250,000 kyauta. A 2024 hukumar ta ba masu POS wa'adin yin rajista zuwa 7 ga Yuli, daga baya ta ɗaga zuwa 5 ga Satumba.

Duk wannan aikin shigar da mutane littafi ne. Littafin kuwa yana hannun hukuma, mai saye tana ɗakin kwanan ɗalibai a Samaru da waya a hannu, kuma cikin minti biyu za ta yanke shawarar turawa ko fasawa. Takardar rajistar da aka ninke aka adana a ƙasan akwati ba ta tsinana mata komai. Gaskiya ne CAC tana da shafin bincike a intanet, kyauta, wanda kowa ke iya shiga ya duba ko suna yana da rajista. Sai dai mai bincike sai ya san abin da zai rubuta, sunan da ke kan Instagram kuma sau da yawa ba shi ne ke kan takarda ba, sunan asusun da aka ba da don tura kuɗi ma wani ne na uku daban. Hujjar wannan lacca ke nan: rajistar da ba a nuna ba, hukuma ta amfana da ita, mai saye bai amfana ba.

Abin takaicin shi ne dokar ta san da zancen nunawa, amma da harshen wani zamani take faɗarsa. Ta wajabta wa kamfani ya manna sunansa da lambarsa a ƙofar duk inda yake aiki, ya kuma buga su a wasiƙunsa da rasit-rasit ɗinsa. Mai sunan kasuwanci kuma ta ce ya rubuta ainihin sunansa da lambar rajistarsa a littafin tallar kaya, da takardun da ake rabawa, da katin nuna haja, da wasiƙun ciniki. Wannan jeri an gaje shi ne daga Dokar Kamfanoni ta 1990, asalinsa kuma dokar Ingila ce ta 1916, lokacin da Sabon Gari kanta ke sabuwar unguwa a gefen layin dogo. Abokan aiki sukan ce alƙali mai basira zai iya fassara sitatus a matsayin littafin tallar kaya. Wataƙila ya yi. Amma dokar da sai an je kotu kafin a san ta shafi mai sayar da abaya, ba za ta canza halin kowa a kasuwa ba. Dokar kare haƙƙin masu sayayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce a ba mai saye rasit ɗauke da suna da adireshin mai kaya. Madalla, sai dai rasit bayan biya yake zuwa, ɗan damfara kuwa ba ya kaiwa wannan gaɓa.

'Yan kasuwar Sabon Gari da ke zaune a nan ba sa buƙatar a koya musu wannan. Mai rumfa yana da layi, yana da maƙwabci, yana da shugaban da za a kai ƙararsa gare shi, gobe da safe kuma dole ya zo ya buɗe. Fatauci mai nisa ma haka aka gina shi. Abner Cohen, da ya yi nazarin cinikin shanu da goro a Sabo ta Ibadan, ya nuna a littafinsa na 1969 cewa bashi yana tafiya tsakanin baƙin juna ne domin akwai mai gida sananne da ya tsaya a tsakani, wanda sunansa ke zubewa idan kuɗi suka maƙale. Malaman Malikiyya sun halatta sayar da hajar da ba ta wurin ciniki idan an siffanta ta. Haja ce aka yarda ta ɓuya daga ido, ba mai hajar ba.

Ƙasar da ta fi kowa fahimtar wannan a zamanin intanet ita ce Sin, inda 'yan kasuwar nan ke saro kaya daga Guangzhou da Yiwu, wasu ma daga shafin 1688 ba tare da sun bar Zariya ba. Ya kamata a tsaya a kanta da kyau. An zartar da dokarta ta cinikin intanet ranar 31 ga Agusta 2018, ta fara aiki 1 ga Janairu 2019. Sashe na 10 ya ce mai sayarwa ya yi rajista, amma nan take ya cire wasu: wanda ke sayar da amfanin gonarsa, da mai sana'ar hannu ta gida, da mai 'yar hidimar da ba ta buƙatar lasisi, da mai ƙaramin cinikin jefi-jefi. A 2021 hukumar kula da kasuwanninsu ta sa wa wannan ƙaramin ciniki iyaka, yuwan 100,000 a shekara, ta kuma fayyace cewa masu talla ta shafukan zumunta da bidiyon kai tsaye suna cikin waɗanda doka ta shafa.

Sashe na 15 shi ne zuciyar maganar. Ya ce kowane mai sayarwa ya nuna bayanin lasisinsa a wuri bayyananne a shafinsa na farko, kuma ya bar shi a nan kullum. Wanda aka yafe wa rajista fa? Shi ma bai tsira ba: dole ya rubuta a wurin cewa yana cikin waɗanda aka yafe wa. Wato rajista ta wasu ce, nunawa kuwa ta kowa ce. Mai saye idan ya buɗe shafi, ɗaya daga cikin biyu zai gani, lamba ko bayanin dalilin rashinta, idan kuma bai ga ko ɗaya ba ya san da matsala tun kafin ya taɓa aljihu. Sashe na 27 ya ɗora wa mai dandalin kansa nauyin karɓar suna da adireshi da lambar kowane mai haja, ya tantance, ya riƙa sabuntawa. Sai sashe na 76 da ya raba hukunci bisa ƙarfin kowa: mai hajar da bai nuna ba, tararsa ba ta wuce yuwan 10,000, dandalin da ya zuba masa ido kuwa daga 20,000 zuwa 100,000. Babu ɗauri a kan mai kitso ko mai sayar da zuma. An kama babba da hannu biyu, an bar ƙarami da wajibi ɗaya mai sauƙi.

A kwatanta da Najeriya, inda aka tanadi ɗaurin shekara biyu ga wanda bai yi rajista ba, aka kuma bar mai dandali ba a tambaye shi komai ba. An juya abin ne kansa ƙasa.

Ba Sin kaɗai ba ce. Tarayyar Turai tun shekarar 2000 ta wajabta suna da adireshi da lambar rajista a shafin duk mai ciniki, Jamus kuma ta tsananta har abokin gasa na iya aiko wa mutum da takardar lauya idan bayanin bai cika ba. Afirka ta Kudu ta sa irin wannan a sashe na 43 na dokarta ta 2002. Ba sabon abu ake nema ba.

Masu suka suna da maganganu uku, kuma ba su da nauyin da ake ba su. Suna cewa mutane za su gudu don tsoron haraji. Wanda ke karɓar kuɗi ta asusu mai BVN ai tuni banki ya san shi, tun ma ba bayan Babban Banki ya umarta a Disambar 2023 cewa ƙananan asusu ma sai da BVN ko NIN ba. Mutum ɗaya ya rage cikin duhu, shi ne wanda ya biya. Suna cewa ba a iya bin sawun WhatsApp. Ba sai an bi ba, idan masu saye sun saba neman lamba, rashinta zai kori ciniki da kansa. Ta ukun ce kaɗai ke da ƙamshin gaskiya: matar da ke sana'a daga ɗakinta a Bomo ko Muciya ba za ta rubuta adireshin gidanta ga duniya ba, a wannan zamani na masu garkuwa da mutane, kuma tana da gaskiya. Amurka ta warware wannan a dokarta da ta fara aiki a Yunin 2023: wanda ba shi da adireshi sai na gida, ƙasa da jiha kawai ake nunawa. A nan ma sunan gari da lambar waya sun wadatar.

Abin da mai wannan lacca ya daɗe yana nema bai canza ba. Kada a jira Majalisa, wadda ta sha zartar da ƙudirin cinikin intanet bai zama doka ba. FCCPC tana da ikon fitar da ƙa'idoji, ta fitar da ɗaya gajera: duk mai tallar haja a intanet ya rubuta a goshin shafinsa sunan da ya yi rajista da shi, da lambar rajistarsa ta BN ko RC, da garin da yake. Ƙaramin mai sana'a kuma Dokar Kamfanoni ta riga ta buɗe masa ƙofa, domin wanda ke ciniki da ainihin sunansa ba tare da ƙari ba, ba a wajabta masa rajista ba. To ya rubuta wannan sunan, cikakke. Sharaɗin da ba za a sassauta ba shi ne sunan da ke shafi ya zama shi ne sunan da zai fito a asusun da ake tura kuɗi, ko na mutum ko na kasuwanci. Wannan kaɗai zai rufe ƙofar da yawancin 'yan damfara ke bi, wato asusun aro. Masu dandali kuma a tilasta musu su nemi waɗannan bayanai kafin su karɓi kuɗin talla daga kowa. Hukumar FCCPC da ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024, kotun sauraron ƙorafi kuma ta tabbatar a Afrilun 2025, ba za ta ce kamfanin ya fi ƙarfinta ba.

Zariya ma tana da nata aikin da ba ya jiran Abuja. Shugabannin kasuwar Sabon Gari su umarci duk ɗan kasuwar da ke talla a waya ya sa layinsa da lambar rumfarsa a shafinsa, tunda WhatsApp na kasuwanci yana da gurbin adireshi da bayani wanda akasari ba a cike shi. Ƙungiyoyin ɗalibai a Samaru su riƙe jerin masu sana'a na cikinsu da cikakkun sunayensu, su daina yaɗa tallar wanda ba ya ciki. Ɗaliban shari'a na Kongo kuma, maimakon muhawara a kan ma'anar katin nuna haja, malamansu su tura su kasuwa da kwamfuta ranar Asabar, su taya masu son rajista cike takardu, kuma kada su tashi daga rumfa sai sun ga lambar ta hau kan shafin mai ita.