Ɓaunar Amurka: yadda kasuwar fata ta cinye miliyoyi

Yau nesa zan kai ku, can filayen ciyawa na tsakiyar Amurka, wajen dabbar da suke kira bison. Mu ce mata ɓaunar Amurka, ko da yake ba irin tamu ba ce: tana da tozo, da ƙaton kai, da gashi mai kauri saboda sanyi. Namijin kan kai kilo 900, amma in ya zabura yana gudun kilomita 55 a awa. Macen kuwa cikin wata tara take yi, ta haifi maraƙi ɗaya tak a shekara. Ku riƙe wannan, don nan lagonta yake.

A farkon shekarun 1800, an ƙiyasta yawansu ya kai miliyan 30. Ƙabilun asalin ƙasar, irin su Lakota da Komanci, da ita suke rayuwa: su ci nama, su yi bukka da tufa da fatar, busasshen kashinta kuma shi ne makamashinsu.

To, sai layin dogo ya ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma a 1869. Wajen 1871 kuma majema suka gano yadda za su jeme fatarta ta yi ƙarfi, har a yi bel na injunan masana'antu da ita. Shi ke nan fa. Maharba suka kwararo da bindigogi masu cin dogon zango. Mutum guda sai ya kashe gomomi a yini, a feɗe, wani lokaci a yanke harshe, a bar naman ya ruɓe a fili. Dabbar da ke haihuwar ɗaya a shekara, ta yaya za ta cike wannan giɓi? Daga baya har ƙasusuwan aka bi aka tsince, jirgi ya kwashe, aka yi taki da su, aka tace sukari.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: ba a ce ba a sani ba. A 1874 majalisar dokokin Amurka ta amince da dokar kare ta, shugaba Ulysses Grant bai sa hannu ba. Manyan sojoji da dama ma gani suke ƙarewarta ce za ta tilasta wa ƙabilun nan zama inda gwamnati ta keɓe musu. Haka kuwa aka yi, yunwa ta kai su.

A 1889 William Hornaday ya yi lissafi, ya samu saura kusan dubu ɗaya. Mu da raƙuman dawan Kure suka sauka zuwa 49 a 1996, ai mun san irin wannan ƙidaya. A gandun Yellowstone, a 1902, na daji ba su wuce ashirin da ƴan kai ba.

Yau sun farfaɗo zuwa dubban ɗaruruwa, a 2016 ma an naɗa ta dabbar ƙasa. Sai dai mafi yawansu a cikin shinge suke, a gonakin ƴan kasuwa, ana kiwonsu don nama.