Ciwon Ƙoda da Ƙaiƙayin Jiki: Jawabin Kwamitin Walwala a Taron Reshen Dutse



A madadin Kwamitin Walwala, mun zaɓi mu yi magana yau kan ciwon ƙoda. Jama'ar Jihar Jigawa sun san irin ɓarnar da wannan ciwo yake yi, musamman a ƙasar Haɗeja har zuwa Gashuwa ta Jihar Yobe. Duk gidan malamin da ya shiga, albashi da ɗan abin da aka tara ba sa isa. Za mu ɗauki alama guda da ake rainawa, wato ƙaiƙayi.

Aikin ƙoda shi ne tace jini da fitar da datti ta fitsari. Idan ta gaza, dattin yana taruwa a jini, sinadarin fosfet ya ƙaru, fata ta bushe. Daga nan sai mutum ya kama susa a baya da hannuwa da ciki, abin ya fi tsananta da dare har ya hana barci. Sau da yawa babu ƙuraje, sai dai shaidar farce. Wannan ne ya bambanta shi da ƙazwa, wadda take fitar da ƙuraje a tsakanin yatsu, take kuma bin mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Idan ƙaiƙayi ya haɗu da kumburin ƙafafu ko fuska, da fitsari mai kumfa, da kasala, da tashin zuciya, to a nufi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Gwaje-gwajen farko masu sauƙi ne. Akwai awon hawan jini da na suga, domin su biyun ne manyan abubuwan da suke lalata ƙoda. Akwai gwajin fitsari, wanda yake nuna ko furotin yana yoyo a cikinsa. Akwai gwajin jini na kiriyatinin da yuriya, wanda likita yake lissafa ƙarfin tacewar ƙoda da shi. Idan lissafin ya zauna ƙasa da 60 tsawon wata 3, ciwon ya zama na dindindin. Idan ya sauka ƙasa da 15, ƙodar ta gaza. Sannan akan ɗauki hoton ƙoda da na'ura don a ga girmanta, a kuma duba ko akwai toshewa. Mai ƙaiƙayi kuwa, akan ƙara masa gwajin fosfet da kalsiyam da na hanta, tunda ciwon hanta ma yana sa susa. Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da ke nan Dutse yana kusa da mu, Asibitin Malam Aminu Kano kuma, wanda ya fara dashen ƙoda a 2002, ba shi da nisa.

Game da magani, matakin farko shi ne shafa basilin ko man kaɗanya bayan wanka, da barin sabulu mai kaifi da ruwa mai zafi ƙwarai, da yanke farce. Likita yakan rubuta ƙwayar kalsiyam wadda ake sha tare da abinci domin ta riƙe fosfet a hanji. Piriton da aka saba saya bai cika yin tasiri a wannan ƙaiƙayi ba, sai dai ya kawo barci. Gabapentin yana taimakawa, amma ƙoda ce take fitar da shi daga jiki, don haka likita kaɗai yake ƙayyade shi, kuma kaɗan ake bayarwa. Idan ya yi yawa yana jawo jiri da gushewar hankali. Wanda yake kan wankin ƙoda kuma, cika zamansa kamar yadda aka tsara yana cikin maganin susar.

'Yan'uwa malamai, babban gargaɗinmu yana kan magungunan ciwon jiki. Bayan tsayuwa gaban allo tun safe, da yawanmu mukan biya kemis mu karɓi haɗi. A cikin haɗin nan akan sami diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam, waɗanda yawan shansu yake cutar da ƙoda, balle ga mai hawan jini ko suga. Haka allurar gentamicin ba da umarnin likita ba, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, da mayukan bilicin masu sinadarin makuri. Mai ciwon ƙoda ya rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa, ya kuma nemi shawarar likita kafin azumi.

Ciwon ƙoda yakan daɗe yana ci a ɓoye kafin ƙaiƙayi ya bayyana. Saboda haka muna roƙon kowane malami, musamman wanda ya haura shekara 40 ko yake da hawan jini ko suga, ya yi gwajin fitsari da na jini aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kai iyalinsa su ma. Wanda bai kammala rajistar inshorar lafiya ta JICHMA ba, ya kammala. Muna kuma ba reshe shawara ya riƙa shirya awon hawan jini da suga ga malamai a Ranar Ƙoda ta Duniya, wadda take faɗowa Alhamis ta biyu a watan Maris.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.