Ƙwallo ko jarabawa?



Da yamma filayen unguwar Malali cike suke da yara, kowa na mafarkin zama Daniel Amokachi, wanda ya bar Ranchers Bees zuwa Club Brugge a 1990 yana matashi. Ya dace, Allah ya ƙara.

Amma dokar FIFA a yau ta hana kulob ɗin ƙasar waje ɗaukar yaro kafin shekara 18, sai da wasu sharuɗɗa. To gaggawar me ake yi? Dillali ya zo da alkawarin Turai, uba ya sayar da fili, yaro ya bar aji biyar. Idan gwiwa ta tashi aiki, dillalin ba ya sake ɗaga waya.

Iyaye, ku bari yaro ya rubuta WAEC tukuna.