Gandu da Gayauna: Matsayin Matasa a Ikilisiyoyin Illela

Batun wannan lacca shi ne yadda ikilisiyoyin Kirista ke ɗaukar 'ya'yansu masu shekara 13 zuwa 19, kuma garin Illela, wanda ke fuskantar Birnin Ƙonni a kan iyakar Nijeriya da Nijar, shi ne abin misali.

Kiristocin Illela kaɗan ne, kuma da yawansu ciniki ko aikin gwamnati ne ya kai su. A gari irin wannan yaro ba ya daɗewa yana yaro. Ɗan shekara 15 yakan tsare shagon ubansa, ya san canjin naira da sefa, ya yi ciniki da Hausa da Faransanci kaɗan-kaɗan. Da aka rufe iyaka a 2019, aka kuma sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, matasan gari sun ɗanɗana tsayawar kasuwa kamar kowane magidanci. Amma wannan saurayi da aka amince masa da jarin gida, in ya shiga majami'a sai a nuna masa bencin baya, aikinsa waƙa da shara da jera kujeru. Dattawa ke yanke shawara, shi kuwa sai dai ya ji sanarwa.

Bahaushe manomi ya riga ya warware irin wannan matsala tun da daɗewa. Saurayi yakan yi aikin gandu a ƙarƙashin ubansa, amma uban yakan yanka masa gayauna, watau 'yar gona tasa ta kansa. Abin da ya shuka nasa ne, in ya yi sakaci ciyawa ta cinye, asararsa ce. Uban yana gani, yakan kuma tsawata, amma ba ya karɓe fartanyar. Da haka ake gane wanda zai iya riƙe gida. Sarautar Sarkin Samari da aikin gayya su ma a kan wannan tunani suka tsayu, shi ya sa gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta hau mulki a 1974, ta jingina da Samariya wajen ayyukan raya ƙasa.

Tarihin Kiristanci kansa bai saɓa wa wannan ba. Littafi Mai Tsarki ya nuna Yusufu yana ɗan shekara 17 lokacin da aka sayar da shi, Yosiya kuwa ya hau gadon sarauta da shekara 8, Bulus kuma ya ɗora wa Timoti nauyin ikilisiyar Afisa alhali ana ganin ƙuruciyarsa. Ƙungiyar Boys' Brigade, wadda William Alexander Smith ya kafa a Glasgow a 1883, ta ba manyan yara muƙamai su shugabanci ƙanana. Haka kuma zumuntar ɗalibai Kirista ta FCS, wadda aka fara a Gindiri a 1957, ɗalibai ne ke jan addu'a da nazari a makarantunsu.

Lalle dattawa suna da hujjar tsoro. Garin iyaka yana da fasa-ƙwauri da ƙwaya da kuɗin gaggawa, ga kuma zama cikin maƙwabta Musulmi, inda kalmar ganganci guda daga bakin saurayi ke iya ta da fitinar da za ta shafi kowa. Sai dai wanda ba a taɓa zaunar da shi an yi shawara da shi ba, ina zai koyi auna magana? Hana shi aiki a majami'a ba ya hana tasha ba shi aiki.

Gayaunar ikilisiya ba ta da wuyar yankawa. A bar wa zumuntar matasa asusunta, su ƙirga baikonsu, su karanta lissafi a gaban jama'a. A ba su Lahadi guda su yi wa'azi, fasto ya zauna ya saurara, gyara ya biyo baya a keɓe. 'Yan mata kuma, waɗanda aka fi mantawa da su har sai aure ya shigar da su Zumuntar Mata, a ba su riƙon littafin kuɗin, tun da yawancinsu sun riga sun riƙe na shagon iyayensu.