Yadda Ake Noman Labari

 Muna yi muku barka da ƙoƙari. Watanni kaɗan da suka wuce, waɗansunku ba su iya bambanta "ba" da "da". Yau ga shi kuna karanta wasiƙa da kanku. Gaskiya ne, gemu ba ya hana ilmi.

Ran nan wani daga cikinku ya tambaye mu, ya ce, "Malam, su wane ne ke yin littattafan nan da muke karantawa? Daga ina suke samo labarin?" To, amsar tambayarsa ita ce maganarmu ta yau.

Ku sani masu rubuta littafi mutane ne kamarku. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya ta sa gasar rubuta labari da Hausa. Wani malamin makarantar Midil ta Katsina, Abubakar Imam, ya shiga da littafinsa Ruwan Bagaja. Sa'an nan shekarunsa 22 kawai. Wansa Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar. A 1936 aka kira Abubakar Imam Zariya, aka tara masa littattafan labarun ƙasashe dabam dabam, na Larabawa da na Turawa da na wasu. Ya karanta, ya zaɓa, ya sāke musu tufafi, ya sa musu rigar Hausa. Haka aka sami Magana Jari Ce, littafi uku.

Ba sai mun tafi Zariya ba ma. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Jajis ɗinta suna ɗaukar waƙoƙin zuwa ƙauyuka, suna koya wa mata. Nan kusa da mu kuma, kan hanyar Sakkwato, ga garin Shagari. Alhaji Shehu Shagari yana malamin makaranta ya yi Waƙar Nijeriya, tun da daɗewa kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979.

To, yaya ake yi? Mu dai abin da muka gani, rubuta labari kamar noma ne.

Na farko, neman iri. Irin labari a kunne ake samunsa. Mai rubutu yakan zauna a kasuwa, da bakin rijiya, da wajen fira, ya kasa kunne. Yakan lura da yadda mai sayen akuya ke tayi, da yadda tsohuwa ke faɗa wa jikanta. Wanda bai iya saurare ba, ba zai iya rubutu ba.

Na biyu, shuka. Ka ɗauki fensir ka soma. Nan ne wuyar take. Farar takarda tana ba mutum tsoro, har mu ma. Maganinta guda ne: ka rubuta kamar kana gaya wa abokinka. Wa ya yi? A ina? Me ya faru? Yaya aka ƙare?

Na uku, noma. Kowace gona tana fid da ciyawa, haka kowane rubutu. Maganar da ba ta da amfani, a cire ta. Abin da aka faɗa sau biyu, a bar guda.

Na huɗu, shiƙa. Ka karanta rubutunka da ƙarfi a gaban mutane. Inda suka yi shiru suna jira, nan ne tsaba. Inda suka soma hamma, nan ne ƙaiƙayi.

Bari mu gaya muku yadda muka koyi wannan. Labarin farko da muka rubuta domin aji irin naku, na wani manomi ne. Mun kwana uku muna yi. Muka cika shi da manyan kalmomi, don a san mun yi karatu. Muka karanta shi a aji, muna jiran yabo. Kowa ya yi tsit. Can sai wani dattijo ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, manomin nan naka wace ƙasa yake?"

Muka ce, "Nan ƙasarmu, Baba."

Ya ce, "A'a. Ka ce ya yanke dawa, sa'an nan ya koma ga gero. Mu nan gero ke riga dawa nuna. Kuma ka ce ya kwanta barci da hantsi ana tsakiyar noma. Wannan ba manomi ba ne, ɗan makaranta ne."

Aji ya fashe da dariya. Kunya ta kama mu. Amma Baba ya fi mu gaskiya. Muka koma gida muka sāke labarin tun daga farko, har sau huɗu. Kowane gyara sai mun kai masa ya ji. Daga ranar muka riƙe abu biyu: kada ka rubuta abin da ba ka duba da kyau ba, kada kuma ka yi fushi da mai gyara maka.

Akwai sauran magana game da dattijon nan. Ya san tarihin ƙauyensu sarai: wanda ya fara sarar dajin, da wanda ya gina tsohuwar rijiya, da abin da mutane suka ci a shekarun yunwa. Kullum mukan ce za mu je mu rubuta. Yau aiki, gobe tafiya. Shafi biyu kaɗai muka samu. Da kaka ta yi, Allah ya yi masa rasuwa. Sauran labarin ya tafi tare da shi. Har yau in mun tuna, abin yana damunmu.

Don haka muka zo muku da roƙo. A kowane gida na Dogon Daji, da Tambuwal, da Kebbe, akwai tsoho ko tsohuwa mai irin wannan sani. Baƙo ba zai iya rubuta shi daidai ba. Ku ne kuka san sunayen fadamu, ku ne kuka san maganar. Da can kuna da labari ba ku da rubutu. Yanzu kun haɗa duka biyu.

Ga aikinku na wannan mako. Kowa ya tafi wurin babban gidansu, ya gaishe shi, ya roƙe shi labari guda. Mata su tambayi iyayensu mata da kakanni. Ku rubuta layi biyar kawai. Ku sa sunan wanda ya ba ku labarin, da ranar da kuka rubuta. Kada ku damu in baƙi ya karkace, ko wasali ya ɓace. Za mu gyara tare a aji, mu karanta wa juna, kowa ya ji na kowa. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada ku ce sai an gama aikin gona. Mu ma haka muka ce.

Allah ya ba mu sa'a. Wassalam.